Makin da Na Ba Kaset ɗin Taubashina

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, kuma ban taɓa ba kowa goma bisa goma ba. Ɗalibaina sun san haka, har suna cewa jan birona ya fi bulala zafi. Ban taɓa jin haushi ba, don ba ƙarya suka yi mini ba. Amma makin da ya fi ba ni wahala a duk rayuwata ba na ɗaliba ba ne. Na wani kaset ne da taubashina ya kawo mini, shekaru kaɗan bayan an ba mu jiharmu ta Kebbi.

Ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, saboda haka tun muna yara a Argungu yake kirana baiwarsa, ni kuma in kira shi ubangidan da ba shi da ko akuya. Wanda ya san wasan taubasai ya san ba shi da linzami. Kana iya faɗa wa taubashinka abin da in wani ya faɗa masa sai an kai ga alƙali, shi kuwa ya yi dariya ya rama. Ban san cewa wannan 'yancin yana da nasa sharrin ba sai a kan kaset ɗin nan.

Da aka yanke jiha, ni da shi muna cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka juye a Birnin Kebbi. Garin bai shirya mana ba. Ofisoshi a gidajen haya, mutum uku a tebur ɗaya, wasu magidanta suna kwana a zauren 'yan'uwa. Duk da haka kowa na tafiya da ƙarfinsa, don abin namu ne. Akwai kuma wata cuta da ta kama mu duka, har da ni: son mu nuna wa duniya cewa mu ba ƙauyawa ba ne.

Taubashina ya samu shiga gidan talabijin. Da farko sanarwa yake karantawa, ta ɗaurin aure da ta rasuwa da ta ɓatan shanu, abin da ya tsana kamar ciwon haƙori. Da aka ba shi damar shirya shiri nasa na kansa, sai ya ce zai haɗa ƙungiyar mawaƙan zamani, irin masu jita da fiyano da yake gani a tashoshin waje. Aka yi shela, matasa suka zo daga Ambursa, daga Augie, daga Argungu, daga cikin gari. Ya zaɓi biyar. Daga baya wani abokin aikinsa ya ba ni labarin yadda aka yi zaɓen: kowa ya tsaya, sai taubashina ya leƙa shi ta cikin kyamara tukuna, kafin ma ya buɗe baki.

Shirin ya karɓu, ba zan rage masa ba. Kowace Asabar da yamma gidan da ke da talabijin a unguwa sai ya cika har ƙofa. An ɗinka musu kaya iri ɗaya masu ƙyalli, an saya musu baƙin tabarau. A gaba akwai wani dogon saurayi fari, ɗalibin babbar makarantar fasaha, wanda in ya juya ya yi murmushi, ranar Litinin ba na samun kan ajina sai an gama zancensa. Uku suna gefensa da jita da fiyano da ganga. Na biyar yana can baya, rabin jikinsa a waje da hoto, a zaune da babbar gora irin wadda masunta ke hawa a gulbi, yana ƙwanƙwasa ta da zobe. Sau da yawa gwiwarsa kawai ake gani.

Bayan wata shida suka ɗauki waƙoƙinsu takwas a kaset, na farko ke nan. Manajan gidan ya ce kafin a buga shi a kai kasuwa, kuma kafin a ƙara wa shirin wa'adi, yana son wani na waje, malamin Hausa, ya saurara ya ba da maki a rubuce. In makin ya yi kyau a ci gaba. In bai yi ba a rufe shirin, samarin su watse, taubashina ya koma kan ɓatan shanu. Da aka tambaye shi wa za a ba, sai ya ba da sunana.

Ya same ni a gida da la'asar, ya sauka daga kabu-kabu da ambulan a hannu.

"Baiwa, ga aiki na kawo miki," in ji shi. "Ki saurara, ki cika takardag ga. Kak ki kunyata ubangidanki."

Na ce, "Ubangidan da ko kuɗin kabu-kabu sai an yi ciniki da shi?"

Ya yi dariya, ya bayyana mini sharaɗin manaja yana dariyar. Ya miƙo mini ambulan ɗin. Na san shi tun yana yawo ba wando. Abin nan ya shiga ransa fiye da yadda bakinsa ke nunawa.

Washegari da hantsi ba ni da aji, na zuba shinkafa a faifai ina tsince tsakuwa, na sa kaset ɗin a 'yar rediyona. Waƙa ta farko ta wuce, na ce wataƙila kunnena ne. Ta biyu ta wuce. A ta uku na ajiye faifan. Ashe dogon saurayin nan ba shi da murya. Siririya ce, tana rawa, tana bin kiɗa a guje ba ta cim masa. Fiyano ya danne komai. Baitocin kuma rabi Hausa rabi Turanci, duk a kan wata masoyiya da ba ta da gari ba ta da dangi, ba wanda zai ce ya taɓa ganin irinta a hanyar rijiya. A talabijin ido yana shagala da tabarau da juyi, kunne ya tafi hutu. Kaset kuwa ba shi da fuska, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Haka na jure har bakwai. Ta takwas, ta ƙarshe a bayan kaset, ta fara da ƙwanƙwasar gora, sai jita guda a hankali, sai wata murya da ban taɓa ji ba, mai kauri, mai ɗan gishiri, Kabanci tsantsa, Hausarmu ta Kebbi. Waƙar manomin shinkafa ce yana roƙon tsuntsayen jan-baki. Ya kore su da gwangwani sun ƙi, ya kore su da ihu sun ƙi, sai ya koma lallashi, yana cewa su ci rabonsu amma su bar masa mudu guda ya kai wa tsohuwarsa. Na yi dariya a baiti na biyu. A na huɗu sai na ga ina share ido da bakin zane, don na tuna mahaifiyata a fadama da gwangwaninta. Daga baya na ji cewa fili ne ya rage a kaset ɗin, aka ce wa mai gora ya cike shi da ko mene ne.

Na tafi ofishinsu na same shi cikin abokan aikinsa. Na ce masa gaskiya, ban sa mata zuma ba: in an haɗa kaset ɗin gaba ɗaya, uku bisa goma.

Ya fashe da dariya har yana dukan tebur. "Kun jiya? Baiwata ta ba ni ukku. Hassada ta, tun muna ɗiya haka take."

Na ce, "Ba wasa nike ba."

"Awo, na sani. Ke daɗai kin taɓa wasa?"

Duk yadda na ɗaure fuska, sai dariyar ta ƙaru, har abokan aikinsa suka shiga. A nan na gane inda na faɗa. Ni kaɗai ce a garin nan mai izinin faɗa masa kowace magana, kuma ni kaɗai ce ba zai taɓa yarda da maganata ba. Shekara talatin ina ce masa mummuna, malalaci, mai kan kwakwa, to don me yau zai ɗauki uku da gaske? Shi a lissafinsa, baki zai zage shi, biro kuma ya rubuta tara. Na fito raina a ɓace, ban taɓa jin haushin al'adar nan ba sai ranar.

Litinin za a mai da takarda. Ranar Asabar kuma akwai suna a gidan kawu a Argungu, dole mu je tare. A tasha, kafin bas ta cika, na zagaya wajen direba na ba shi kaset ɗin. Ba hoto a jikinsa, ba rubutu. Na ce ya taimaka ya sa mana a hanya. Taubashina ya gani, ya gyara zama yana murmushi, yana jiran yabo.

A motar akwai wata dattijuwa 'yar Augie da ta sayar da albasarta tana komawa gida, da wani tsoho manomi rungume da kan injin ban-ruwa da ya kai gyara, da ma'aikata biyu masu zuwa hutun mako, da wasu da ban riƙe ba. Kiɗa ya tashi muna fita gari. Ba a yi nisa ba hira ta taso ta hau kansa: tsadar taki, ruwan bana, wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Direba ya rage murya da kansa. Muna wuce Ambursa ɗaya daga cikin ma'aikatan ya kasa kunne.

"Waɗanga ba ɗiyan talabijin ba na?" in ji shi. "Ashe haka muryassu take? In kana kallo ba ka lura."

Tsohon nan ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Direba, ba ka da wani?"

Na roƙa a bar shi ya ƙare. Direba ya juya kaset ya ci gaba da tuƙi. Ban kalli taubashina kai tsaye ba, amma ina ganinsa ta gefen ido. Murmushin ya tafi. Ya juya fuska waje yana kallon fadama kamar an ba shi aikin ƙirga shinkafar. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na yi nadamar abin da na shirya, amma mota ta riga ta tashi.

Mun fara hango Argungu gora ta fara ƙwanƙwasawa. Ban san wanda ya fara yin shiru ba. Na dai ji hirar tana mutuwa kujera bayan kujera, direba ya miƙa hannu ya ƙara murya. Da aka zo wurin lallashin tsuntsaye, tsohon ya yi dariya har injin na neman zamewa daga cinyarsa, ya ce wallahi bara shi ma sai da ya roƙe su. Sai aka zo wurin mudun tsohuwa. Waƙa ta ƙare, kaset ya yi ƙas.

"Maido muna ita," in ji dattijuwar.

Direba ya ce abin mayarwar rediyonsa ya lalace tun bara. Sai na karɓi kaset ɗin, na ciro jan birona daga jaka, na zura a ramin na yi ta juyawa. Sau uku ina wannan aikin. Direba ya rage gudu don kada mu isa tasha waƙa ba ta ƙare ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Dattijuwar ta ce, "Wai wa ad da muryag ga?"

Ma'aikacin ya ce shi dai kullum yana kallon shirin, bai taɓa ganin mai wannan murya ba. Sai taubashina ya yi magana, karo na farko tun Ambursa, murya ƙasa-ƙasa.

"Na baya na. Mai gora."

"Af, mai zanen huskan nan?" in ji ma'aikacin. "Na taɓa ganin gehen huskatai sau guda."

Dattijuwar ta juyo gaba ɗaya ta dubi taubashina, ba ta san ko shi wane ne ba. "To ɗana, don mi anka ɓoye shi?"

Muka shiga tasha.

Kawu yana zaure yana karɓar 'yan barka lokacin da muka isa. Tsoho ne dogo, masunci a ƙuruciyarsa, kuma fuskarsa cike take da zanen Kabawa, dogayen layuka daga gefen baki har sama da kunne, irin na mutanen da. Taubashina bai samu zanen ba, don a Sakkwato aka haife shi lokacin da kawu ke aiki can, zamani kuma ya fara juyawa. Na durƙusa na gai da kawu, na ɗaga ido na dubi fuskar da na sani tun ina goye, sai abin da ban gane ba a mota ya faɗo mini.

Bayan an ci abinci na sami taubashina a gindin darbejiya, can bayan gidan, shi kaɗai. Na tsaya na ce, "Yaya."

Ya juyo da sauri. Ban taɓa kiransa haka ba, ko sau ɗaya.

Na ce, "Don mi kas sa mai gora baya?"

Ya daɗe yana murza ganye a hannu. Sa'an nan ya ce shirin nan ana iya aika shi wasu jihohi, ana iya ganinsa a Sakkwato, a Kaduna. Yana son in an gani a ce Kebbi ta waye. In aka sa mai zane a gaba, da gorar masunta, me za a ce? "Ba wanda yas sa ni," in ji shi. "Ni niy yi. Na san ya hi su murya tun ranar hwarko."

Na ce, "Tahi zaure ka dubi wanda ke zaune bisa buzu. Huskatai ta ka aje baya, inda gwiwa kaɗai aka gani."

Maganar ta yi nauyi, na sani, kuma ba a cikin rigar wasa na faɗe ta ba, balle ya rama. Ya jefar da ganyen ya wuce ni. A hanyar komawa kujera daban ya zauna.

Ranar Lahadi na zauna da takardar. Gurbin maki guda ɗaya ne tak, ɗan ƙaramin akwati. In na rubuta tara na yi ƙarya, a buga kaset ya kwanta a kasuwa, shirin ya mutu mutuwar kunya. In na rubuta uku na yanka shi da hannuna. Na daɗe ina juya biro. Daga ƙarshe na yi abin da nake hana ɗalibaina, na ɓata takardar hukuma. Na ja layi na raba akwatin biyu, sama na sa uku, ƙasa na sa tara. A filin bayani na rubuta cewa uku na waƙoƙi bakwai ne, tara na ta ƙarshe. Na ce kada a buga wannan kaset, kada kuma a rufe shirin. Masu jita da ganga sun iya hannunsu, dogon saurayin yana da kyan amshi in an sauke masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, mawaƙin ƙungiyar kuwa yana nan, an dai zaunar da shi ne a inda ba wurinsa ba. A sake musu zama, a sake ɗauka. Na kai da kaina ranar Litinin, ban san ko manaja zai karanta bayanin ba ko a kan ukun zai tsaya.

Mako uku ban ji komai ba. Sau biyu muna haɗuwa da taubashina, sau ɗaya a kasuwa, sau ɗaya wajen gaisuwar rasuwa. Duka biyun ya tsaya ya ce, "Malama, ina wuni? Ya aiki?" cikin ladabi. Wanda ba shi da taubashi ba zai san zafin wannan ba. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Shirin ma aka daina sa shi, aka maye gurbinsa da wani na noman rani, ɗalibaina suka yi ta ƙunƙuni, ni kuwa na yi gum kamar ban san komai ba.

A mako na huɗu taubashina ya aiko matarsa ta ce mini Baba, wato kawu, yana son ganina ranar Asabar a Argungu. Na je ina zaton sulhu za a yi mana. Na tarar taubashina ya riga ni, ya kawo ƙaramar talabijin da batirin mota, ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe a tsakar gida. An shimfiɗa tabarmi a zaure, maƙwabta sun taru. Kawu yana gefe a kan buzunsa da carbi, don shi bai ɗauki talabijin a bakin komai ba, yana cewa akwatin mutanen birni ne.

Bayan la'asar tasha ta buɗe. Aka yi sanarwa, wani ne daban ya karanta. Sai ga shirin. Kayan ƙyallin suna nan, amma tabarau sun tafi. Dogon saurayin yana gefe da sauran, yana tafi yana amshi, kuma wallahi ya fi kyau a haka. A tsakiya, a gaba, mai gora ne zaune da gorarsa. Ya ƙwanƙwasa, ya buɗe baki, kyamara ta matso a hankali har fuskarsa ta cika akwatin, zane layi-layi, ba abin da aka rage.

Wannan ɗaukar ce daga baya ta zama kaset ɗin da aka buga, wanda na yi shekaru ina ji a tasha da shagunan tela. Amma ranar ba kaset nake tunani ba, kawu nake kallo. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ja buzunsa gaba, ya ƙara ja, har sai da ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana duban saurayin. Ya ɗaga hannu ya shafa kuncinsa, ina jin bai ma san ya yi ba.

"Wanga namu na," in ji shi. "Ashe akwatin ga shina ɗaukar irinmu."

Taubashina ya miƙe ya ce bari ya gyara eriya. Hoton kuwa garau yake, ko ɗigo babu. Na ba shi ɗan lokaci, sa'an nan na bi shi tsakar gida. Yana tsaye ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, bai juya shi ba, ya ba ni baya, kafaɗunsa suna motsi. Daga zaure ana jin kawu yana cewa a yi shiru, an zo wurin tsuntsaye.

Na tsaya ban san da wane suna zan kira shi ba. Shi ya hutar da ni, bai ko waiwayo ba.

"Baiwa," in ji shi, "wa yab ba ki izinin hitowa? Koma ciki."

Na koma. An zage ni da yawa a duniya, amma ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.